Maikano da Yaren Inji

Abu ɗaya Maikano yake nema a duniya a shekarar 1992, shi ne a mayar da shi Kano. Matarsa Saudatu tana koyarwa a wata firamare a can, 'yarsu Kulu tana wurinta, shi kuwa an jefo shi ofishin rabon ruwan noman rani da ke kusa da Ƙofa, a ƙasar Bebeji. Yana kwana a wani ɗaki bayan sito, yana cin tuwon sayarwa kamar wanda bai taɓa aure ba. Juma'a da yamma ya hau mota ya tafi gida, Lahadi ya dawo yana mita. Ma'aikatan ofishin duk sun haddace mitar, har direba yakan ƙarasa masa ita idan ya tsaya shan ruwa.

Ana cikin haka labari ya zo cewa hedikwata za ta buɗe sashen kwamfuta a Kano, kuma idan rani ya ƙare za a ɗauki mutum ɗaya daga wannan ofishin. Masu taɓa kwamfuta a wurin su biyu ne kacal, Maikano da Luba. Makaranta ɗaya suka yi, takardarsu iri ɗaya ce, sai dai Maikano ya daɗe da yanke hukunci a ransa cewa tasa ta fi nauyi. Luba 'yar Tudun Wada ce, danginta na kusa, kuma ta nuna ita ko an kai ta Kano ko an bar ta duk ɗaya ne. Maikano ya yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari, saboda ta yi masa daɗi.

Kwamfutar ofishin guda ɗaya ce, kuma aikinta ɗaya: ta fitar da jadawalin ruwa, wato wace gona za a buɗe wa kanal yau, wace ce gobe, kowacce gwargwadon girmanta da abin da aka shuka. Wani ɗan kwangila ne ya rubuta manhajar da yaren BASIC, ya tattara nasa ya nasa ya tafi. BASIC yare ne mai sauƙin karantawa ga ɗan Adam, amma inji ba ya jin sa kai tsaye. Sai an yi masa tafinta layi-layi, kuma ko layin ya zo sau dubu, sau dubun za a sake fassara shi. Da gonaki ba su da yawa ba wanda ya damu. Yanzu kuwa a kunna ta da hantsi, a yi azahar, a yi la'asar, tana nan tana tunani. Lokacin tashi ya yi, a kashe janareta, duk abin da ta lissafa ya bi iska. Manoma kuma suna zaune a gindin darbejiya suna jiran a gaya musu ranarsu.

Manaja, Alhaji Sabo, bai san komai game da kwamfuta ba, ban da cewa yana son a gan shi tsaye kusa da ita idan baƙi sun zo. Ranar da wani baƙo daga Kano ya tsaya yana jiran ta ta gama har ya fara hamma, ranar Alhaji Sabo ya gane akwai matsala. Washegari ya kira su biyun ofishinsa.

Bayan an gaisa ya ce, "Abin nan naku yana ba ni kunya. Ku gaya mini yadda za a yi ta daina wannan nawar."

Luba ta ce, "Ranka ya daɗe, wuri ɗaya take jan ƙafa, wurin lissafin rabon. Shigar da sunaye da buga takarda, BASIC ya isa, kada a taɓa su. Lissafin kawai za a cire a rubuta shi daban da yaren C, wanda ake juya shi gaba ɗaya zuwa yaren inji tun kafin a kunna. BASIC ya ajiye bayanan gonaki a faifai, ya kira na C, shi kuma ya karanta, ya yi lissafin, ya ajiye amsa, BASIC ya ɗauka ya buga."

Alhaji Sabo ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar wanda bai gane ko kalma ɗaya ba.

Maikano ya yi 'yar dariya ta hanci. "Wato, Yallaɓai, a ajiye saƙo a ƙofar gida, a koma gefe a jira mai gidan ya fito, ya karanta, ya koma ciki, ya sake fitowa. Faifan nan kowa ya san gurnanin da yake yi kafin ya ba ka harafi ɗaya. Wannan aikin ragwaye ne, Malama Luba ta yi haƙuri."

"Na yi," in ji Luba. "Faɗi naka."

Ya gyara zama. Shi zai rubuta lissafin da ainihin yaren injin, da hannunsa, ya mayar da shi lambobi zalla. Lambobin za a jera su a cikin manhajar BASIC ɗin, idan an kunna ta zuba su kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, sannan ta miƙa musu ragama. Ba tafinta, ba ɗan aike, ba faifai.

Luba ta tambaye shi, "Wa zai karanta su?"

"Inji."

"Bayan inji fa?"

Ya ce, "Ni." Kuma ya faɗe ta da wani irin daɗi, har da ɗan lumshe ido.

Manaja ya ce shi bai san wannan dogon turancin ba, kowa ya je ya yi nasa a zo a gwada a gabansa. Haka aka yi. Luba ta gama nata ba da wani ɓata lokaci ba, ta koma saƙar hular da take yi a ƙarƙashin tebur. Maikano ya shafe makonni yana fama da fensir da takardu, ya daina aski, ya daina zama shan rake da jama'a, har Juma'a biyu bai je Kano ba. A ransa kowace lamba da ya rubuta tana matso da shi kusa da gida.

Ranar gwaji aka fara da na Luba. Aka danna, faifai ya yi gurnaninsa, Manaja ya fita ya yi alwala ya yi sallar azahar, ya dawo ya tarar firinta tana fitar da jadawali. Aikin da a da yake cinye yini guda kenan. Sai aka zo kan na Maikano. Ya danna, Alhaji Sabo ya kama hannun babbar rigarsa zai naɗe a kafaɗa, kafin ya gama naɗewa amsa ta fito.

"La'ilaha illallahu!" in ji Manaja. "Sake yi in gani."

Aka sake. Ya kira akawu ya gani, ya kira direba, ya kira mai gadi.

Maganar gaskiya, duk ƙasar Bebeji ba mutum ɗaya da yake da bukatar bambancin da ke tsakanin gwajin nan biyu. Manomin da ya saba jiran yini ba zai yi kuka don an ce ya jira tsawon sallar azahar ba. Amma ba manomi ne zai zaɓa ba, Manaja ne, kuma shi abin nuna wa baƙi yake nema. Aka zaɓi na Maikano. Luba ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi yadda Maikano yake hura hanci yana karɓar hannu, sai ta ja bakinta ta yi shiru. Kada kowa ya ɗauka kawaici ne ko ladabi. Ta hango abin da ke tafe ne, ta ga bai kamata ta tsaya a gabansa ba.

Abin da ta hango shi ne wannan. Don ya tatse kowane ɗigon sauri daga injin, Maikano ya ƙi barin lissafin ya tsaya tambayar gonaki nawa ne a kowane kanal. Ya ƙirga su da kansa, ya dasa adadin a cikin lambobin, ya ba kowace gona gurbinta da ba ya motsi. Shi ɗan birni ne, ya tashi a unguwar da katangar kowane gida take inda kakansa ya gan ta. A tunaninsa gona ma haka take, an auna ta an gama. Shekara da shekaru yana zaune a Ƙofa yana ƙorafin rashin wutar lantarki da rashin gidan abinci mai kyau, bai taɓa ɗaga kai ya lura da yadda mutanen wurin suke yi da ƙasarsu ba.

Ba a jima ba Allah ya yi wa Dikko rasuwa, wani dattijo mai shanu da babbar gona a farkon kanal na gabas. Aka yi zaman makoki, aka zauna rabon gado, gona ɗaya ta zama ta matansa da 'ya'yansa maza da mata, kowa da yankinsa. Idi akawu ya cire sunan mamaci ya shigar da na magada, kamar yadda ya saba yi tun zamanin tsohuwar manhaja. Kwamfuta ta ba da amsa da saurin nan nata, aka buga, aka manna a allo. Ba wanda ya lura cewa sababbin sunayen sun ture na bayansu, har mutanen ƙarshen kanal suka faɗo daga lissafi, kamar yadda na gefen benci yake faɗuwa idan an yi ta matsawa. Sai da tumatirinsu ya fara yaushi suka taho ofis a fusace.

Manaja ya sauke fushinsa a kan Idi, wai ya taɓa abin da bai sani ba. Maikano yana tsaye yana ji, ya bar shi da laifin. Da aka gama wanke akawu tas, sai ya nemi a ba shi wuri, ya baje takardunsa, ya sake lissafa gurabe da hannu, ya canza lambobin da suka kamata. Kafin a tashi aiki komai ya daidaita. Alhaji Sabo ya dafa kafaɗarsa a gaban manoma ya ce, "Wannan da kuke gani, shi ne injin. Wancan ƙarfe ne kawai."

Daga nan abin ya zama jiki. Ashe gonakin Ƙofa ba sa zama wuri ɗaya. Yau an yi rasuwa an raba gado. Gobe uba ya yanka wa ɗansa da ya yi aure gayauna daga gandu. Jibi 'yan'uwa biyu da suka rabu sun shirya sun haɗe nasu, ko wani ya ba maƙwabcinsa aron gefen gona na rani ɗaya. Tsohuwar manhaja da duk nawarta ba ta taɓa damuwa da wannan ba, a ƙara suna kawai. Yanzu kowane ɗaya sai Maikano ya zauna da fensir. Manoma suka gane hanya, suka sa masa suna Malamin Inji. Idan an gama rabon gado, kafin magada su watse sai wani ya ce, "To saura a je wurin Malamin Inji." Har kaji da ƙwaryar nono aka fara kawo masa, yana karɓa yana cewa ai da ba su wahalar da kansu ba.

Sau ɗaya Manaja ya ce Luba ta koyi gyaran, saboda halin rayuwa. Ta ɗauki takardun ta dube su sama da ƙasa, shafi bayan shafi na lambobi ba kalma ko ɗaya, ta mayar ta ajiye a hankali.

"Ranka ya daɗe, wannan ya fi ƙarfina. Sai dai Malam Maikano."

Maikano ya ji kamar an naɗa shi sarauta. Ko kusa bai tambayi kansa ba dalilin da ya sa macen da ba ta taɓa yarda wani abu ya fi ƙarfinta ba ta faɗi haka cikin fara'a.

Wata Asabar yana Kano, yana zaune a tsakar gida Kulu tana nuna masa haƙorinta da ya fita, sai ga direban ofis yana sallama. An raba wata gona, jadawali ya rikice, Manaja ya ce a taho da shi. Ya tashi yana neman takalmi, fuskarsa tana ƙoƙarin nuna ɓacin rai amma bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Kin gani ko? Idan ba ni, ofishin nan ba ya motsi."

Saudatu ta ce, "Na gani, Malam. Abincin fa?"

"Ki ajiye. Ai saura ƙiris, da rani ya ƙare kullum a nan zan ci."

Rani ya ƙare. Aka kwashe tumatir da alkama, hadari ya fara haɗuwa ta wajen Doguwa. Manaja ya kira taron ma'aikata, Maikano ya zo da sabuwar shadda da hula zanna. Alhaji Sabo ya miƙe ya fara da yabo, kuma duk yabon na Maikano ne: haziƙi, gwani, wanda ya fitar da ofis kunya, wanda hedikwata kanta ta ji labarinsa. Maikano ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, yana lissafin motar da za ta kwashe masa katifa.

"Saboda haka," in ji Manaja, "da suka ce in ba su mutum ɗaya, na ce musu Maikano dai ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan sake shi ba. Malama Luba, Allah ya sa alheri. Farkon wata za ki kama aiki a Kano."

Aka yi tafi. Maikano ma ya sami kansa yana tafi, don hannuwansa sun riga kansa fahimtar abin da ake ciki. Luba ta ce ita wallahi ba ta zata ba, kuma ta faɗa ba tare da ta ko ƙifta ido ba.

Da jama'a suka watse Maikano ya bi Manaja ofis, ya durƙusa, abin da bai taɓa yi ba.

"Yallaɓai, a taimake ni. Iyalina suna Kano. Kowa ya san saboda wannan gurbin na yi aikin nan."

"Na sani, Maikano. To in na sake ka, wa zai riƙe mana injin? Gobe wani ya mutu, in ce da magadansa me?"

"A koma kan na Malama Luba, ranka ya daɗe. Yana nan a faifai. Nata ba ya bukatar kowa, ko gona ta rabu gida ɗari Idi ma ya isa, suna kawai zai ƙara."

Manaja ya dube shi da mamaki na gaske.

"Wanda ka ce aikin ragwaye ne? A nan kujerar kake zaune ka faɗa."

"Na yi kuskure, Yallaɓai. Saurin da nata yake da shi ya ishe mu."

"Ya ishe ku, ni bai ishe ni ba. Na riga na gaya wa manya a Kano cewa duk jihar nan ba kwamfutar da ta kai tamu sauri. Sun ce za su turo mutane su gani. Sai su zo in ce su je su yi sallah su dawo? Haba Maikano. Abin da yake aiki ba a taɓa shi. Tashi, tashi, kada wani ya shigo ya gan ka haka."

Maikano ya ce to a ba shi dama ya sake rubuta nasa yadda zai karɓi kowane adadi, ko da saurin zai ɗan ragu. Manaja ya ce ba ya son jin kalmar raguwa. Maikano ya ce a kawo wani ya koya masa. Manaja ya ce in an sami mai kai irin nasa za a duba, sannan ya jawo jarida ya buɗe.

A bakin ƙofa ya ci karo da Luba tana ɗaure littattafanta da igiya. Ya tsaya a kanta.

"Kin sani tun farko."

"Na tambaye ka a gaban Manaja, Malam Maikano. Ka ba ni amsa." Ta ja igiyar ta ƙulle. "In akwai saƙo zuwa wurin Saudatu, ka ba ni, ai yanzu unguwarmu ba nisa."

Bai ba ta saƙo ba. Ranar Juma'a ya hau mota da kansa, kuma a karon farko bai yi wa kowa mitar hanya ba, har kwandasta ya tambaye shi ko lafiya. Baƙin ciki ne ya cika shi, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa.

Ya tarar Saudatu ta sauya fasalin ɗaki. Ta janye keken ɗinkinta da akwatunan kaya zuwa zaure, ta share kusurwar da ke kusa da taga, ta sa tebur da kujera, ta shimfiɗa wa teburin sabon ƙyalle. Kulu ta kama hannunsa ta ja shi wurin tana tsalle.

"Baba, nan za ka riƙa karatu. Ni na goge kujerar."

Ya zauna a kujerar. Saudatu ta kawo ruwa ta durƙusa ta gaishe shi, ta dubi fuskarsa, ta ajiye kofin a ƙasa.

"An bayar da gurbin?"

"An bayar. Luba."

"Kai fa?"

"Sun ce ba za su iya yi ba ni ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, da ta yi ɗaya daga ciki da ya fi masa sauƙi. Ta miƙe ta ce ya ɗan tashi. Ya tashi. Ta yaye ƙyallen teburin ta ninke shi, ta ce da yarinyar ta zo ta kama mata keken ɗinki su mayar ciki kafin ruwa ya sauko.

Kulu ta tsaya tana duban uwar, tana duban uban. "Umma, Baba ba zai zauna ba?"

"Zai zauna," in ji Saudatu, tana jan keken. "Har Lahadi."